Hedimasta Pan da Kiɗan Motar Shara

Ranar da Pan Chin-lung ya yanke shawarar cire 'ya'yansa daga makaranta, ba matarsa ya fara gaya wa ba. Mu ya fara gaya wa, mu da muke zaune a shagon karin kumallo na yayan matarsa muna shan madarar waken suya, kuma babu wanda ya tambaye shi.

"Makarantun ƙasar nan injin markaɗe ne," in ji shi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujerar roba. "A zuba yaro mai basira ta sama, ya fito ta ƙasa ya zama ƙullu. Ni dai nawa sun gama shiga. Daga bana a gida za su yi karatu. Ni ne malami, ni ne hedimasta."

Yayan matar tasa, Tu Wan-fu, yana gaban kasko yana juya wainar ƙwai, ko waiwayowa bai yi ba.

"Kai da ka maimaita aji biyu na sakandare?"

"Ba maimaitawa na yi ba, Yaya, zurfafawa na yi."

"To, ka zurfafa."

Gaskiyar magana ita ce, kamfanin ƙera noti da ƙusoshi da Pan yake yi wa talla ya sallame shi tun farkon zafi. Amma in shi ne yake ba ka labarin, murabus ya yi don ya ceto ilimi. Mutum ne dogo, mai murya kamar ta mai shela, wanda bai taɓa jin wani abu a rediyo ba face ya riga ya san shi tun bara. Shekara da shekaru yana kiran Tu da suna Farfesan Ƙwai, a gaban masu ciniki, yana dariya shi kaɗai.

Doka ba ta hana kowa koyar da 'ya'yansa a gida ba. Sai dai kwamitin ilimi na gunduma zai zo ya ga ajin, ya ga yaran, ya yarda, kafin shekarar karatu ta kankama. A nan matarsa Yu-lan ta kama shi. Ita ce ke riƙe da gidan da aikinta na kantin magani, kuma ba mace ce mai yawan magana ba.

"Baban Pei-shan, na ji," ta ce. "In kwamiti ya yarda, ka yi hedimastancinka shekara guda, ba zan ce uffan ba. In ya ƙi, yara su koma makarantarsu, kai kuma ka sa rigar girki ka tsaya gaban kaskon Yaya. Yana neman mai taya shi."

"Ni? A ƙarƙashin Farfesan Ƙwai?"

"Tsoro kake ji?"

Pan ya yi wata dariya har da riƙe ciki. Ya ce ta kira Yayan ya zama shaida. Ya ce ta kira duk lungun ma in tana so, don shi abin da yake tsoro shi ne kada kwamitin ya gani ya ce sai ya ɗauke shi ya riƙe masa gunduma gaba ɗaya. Ta kira Yayan a waya, aka ƙulla magana, Tu ya ce zai sa a wanke rigar.

Washegari shiri ya tashi gadan-gadan.

Ajin zai zauna ne a ɗakin kwano da ke saman bene, inda teburin girmama kakanni yake da turarensa. Pan ya so ya matsar da teburin, Yu-lan ta ce sai dai ya fara matsar da ita. Sai ya ce ba komai, a bar su, su ma kakannin su ƙaru da ilimi.

Ya sayo baƙin allo wanda ya fi faɗin matakalar gidan. Aka gwada shi a tsaye, aka gwada shi a kwance, ya ƙi. Pan ya ce wannan ƙaramin al'amari ne na kimiyya, ya ɗaura masa igiya, ya hau sama yana ja, yaransa biyu suna ƙasa suna kallo, Pei-shan mai shekara goma sha ɗaya da ƙanenta A-hao. Allon ya kai bene na biyu, iska ta kaɗa shi, ya yi lilo ya share farantan kabejin da Kaka Ko ta shanya a barandarta, ya dawo ya daki bango ya rabe biyu.

Kaka Ko maƙwabciyarsu ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa da lafiyayyen harshe. Ta leƙo ta dubi kabejinta a warwatse a kan baburan mutane, ta ɗaga kai ta dubi Pan.

"Chin-lung, me kake yi haka?"

"Makaranta nake buɗewa, Kaka."

"Ka fara da kyau."

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce da yaran su duba ikon tsari, yanzu suna da allo biyu, ɗaya na kimiyya, ɗaya na adabi.

Daga nan ya shiga jadawali. Ya sayo takardu masu launi, ya yanka, ya manna, har bangon ɗakin ya cika daga sama zuwa ƙasa. Akwai Jamusanci, akwai ilimin taurari, akwai dabarun shugabanci, akwai tarihin manyan mutane, akwai iyo. Yu-lan ta hau da yamma bayan ta dawo aiki, ta tsaya tana karantawa da jakarta a kafaɗa.

"Kana jin Jamusanci ne?"

"Tare za mu fara. Ina gaba da su da shafi guda, ya isa."

"Iyo kuma a ina?"

"Ƙa'ida tukuna. Ruwa sai zango na biyu."

"Ina lissafi?"

Pan ya bi bangon da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babu lissafi, babu kuma gurbin da za a cusa shi.

"Lissafi yana cikin komai," ya ce. "Abin da makarantunku suka kasa ganewa ke nan."

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila mu mutanen lungu mun sha kallo kawai mun koma harkokinmu. Amma sai Pan ya farka wata safiya ya ce ya gano abin da ya rage. Makarantar da ba ta da ƙararrawa ai gida ce kawai da allo a ciki. Ya hau babur ya nufi wajen 'yan gwangwan na bayan tasha, ya dawo da wata tsohuwar lasifika mai launin ɗorawa, da akwatinta, da agogon da ke tayar da ita da kanta, har da ɗan makirufo na maƙalawa a wuyan riga. Ya ce dillalin bai san darajar abin da yake sayarwa ba.

Ya jona ta a falo don gwaji, ya rage murya, ya danna. Kiɗa ya fito, siriri, mai hawa da sauka. Yu-lan tana wanke shinkafa, sai ga ta ta saki tukunya ta kai hannu ga ledar da ke bayan ƙofa kafin ta ankara.

A garinmu ai shara ba ta kwana a bakin titi. Mota ce take zagayowa da yamma tana wannan kiɗan, wanda ya ji ya suri ledarsa da bokitinsa ya fito a guje, wanda ya makara ya koma ciki da kayarsa. Jariri ma ya san kiɗan tun yana goye.

"Baban Pei-shan, wannan daga jikin motar shara aka ciro ta."

"Ga irinta nan. Kin ji kiɗa kin ce shara. Wannan wani babban Bature ne ya tsara shi, sarakuna suka saurara a fadojinsu. Masu shara aro suka yi, suka zubar masa da mutunci. Ni zan mayar masa da shi."

"Babu wani kiɗan a ciki?"

"Shi kaɗai ne, kuma ya wadatar."

"To, ka je ka yi wa Kaka Ko bayanin Baturen."

Bai je ba. Ya hau ya ɗaure lasifikar a jikin tankin ruwa, bakinta yana kallon lungu, ya saita agogon ta buga a duk canjin darasi, ya ƙure murya.

Da hantsi ta buga ta farko.

Ni da idona na ga mai askin lungunmu ya fito da leda biyu, almakashi a baki, mutumin da yake yi wa aski yana biye da shi da farin ƙyalle a wuya, rabin kai a aske, yana riƙe masa ta uku. Mai wankin kaya ta fito da kumfa har gwiwar hannu. Wata mai jego ta fito da jariri a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya. Kaka Ko ta sauko daga bene tana dafa bango, tana tsine wa gwamnatin da ta canja lokaci ba ta faɗa wa kowa ba. Muka jeru a bakin lungu muna leƙen hagu da dama. Titi fayau, sai wani kare.

Sai muka ji murya daga sama.

"Barkanku da hantsi, jama'a. Lokacin Jamusanci ne."

Pan ne a bakin rufi, ya goya hannu a baya, fuskar nan cike da annuri. Kaka Ko ta ajiye bokitinta a hankali.

"Chin-lung, ni na riƙe ka ranar askinka na wata ɗaya. Tun ranar na ce wa uwarka kan nan ba daidai yake ba."

"Kaka, za ku saba. Kunne ma ilimi yake bukata."

"Gwiwata fa? Ita ma ilimin take bukata?"

Ya juya zai shiga aji ya fara darasi, ya tarar babu kowa. Ɗalibansa biyu suna ƙasa a cikinmu, kowanne da leda a hannu, don fitar da shara aikinsu ne tun suna ƙanana, kuma uwarsu ba ta wasa da wanda ya bari mota ta wuce.

Ranar sau biyu muka sake fitowa, don kowa yana cewa wataƙila wannan karon ta gaske ce. Daga nan muka yi zuciya. Da yamma kiɗa ya tashi, kowa ya ja tsaki ya ci gaba da cin abincinsa. Ashe motar ce. Ta ratsa lungun a hankali daga farko har ƙarshe, ma'aikatan suna leƙen tagogi suna mamakin ina mutane suka shiga, ta karya kwana ta tafi. Wata na takwas ne, zafi kamar a bakin murhu, ga kan kifi da ɓawon kankana a kowane gida.

Kwana biyu ana haka, a fito a banza, a zauna a yi asara. Lungu ya fara wani irin tashi, ƙudaje suka yi mana sallama. Sai ga mai unguwa Chien da 'yar rigarsa mai ɗauke da sunansa a baya. Zaɓe ya kusa, saboda haka ba ya son ɓata wa kowa, har da Pan.

"Ɗan'uwa Pan, ilimi abu ne mai kyau."

"Hedimasta Pan."

"Hedimasta. Ilimi abu ne mai kyau, tsafta ma abu ce mai kyau. Ko za a ɗan rage wa ƙararrawar murya, yadda ɗalibai kawai za su ji? Su nawa ne ma?"

"Biyu. Amma makaranta ba a auna ta da yawan kai, mai unguwa. Na ji kukanku, kuma na riga na warware shi. Ba ragewa za a yi ba, ƙari za a yi. Zan naɗi muryata a gaban kiɗan, kowa ya san bambanci."

Mai unguwa ya tafi yana murna an yi sulhu. Pan ya maƙala makirufo, ya gyara murya, ya naɗi sanarwa da irin muryar masu labarai: "Jama'a, wannan ba motar shara ba ce." Ya saurara a falo, ya ce ko a gidan rediyo sai haka.

Sai dai lasifikar tsohuwa ce, ta sha rana ta sha ruwa, in an ƙure ta takan haɗiye wasu kalmomin. Da ta buga washegari, abin da duk lungu ya ji da muryar hukuma shi ne: "Jama'a… motar shara… ce."

Wannan karon har waɗanda suka rantse ba za su sake fitowa ba sun fito. Wani ya ture babur, babur ya ture babur, har guda da dama suka kwanta a jere. Mai aski ya rasa takalmi ɗaya. Kaka Ko ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Ta tsaya daidai ƙofar gidan Pan ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Chin-lung, saurara da kyau. In na sake saukowa da gwiwoyin nan ban ga mota ba, ba zan koma sama da bokitin nan ba. Wanda ya kira shara, shi za a ba."

Muka ce mun bi bayan Kaka.

Pan ya ce da matarsa hassada ce, kuma duk wanda ya kawo sabon abu a tarihi haka aka yi masa. Yu-lan ta hau za ta zare wayar, ta tarar ya sa wa akwatin kwaɗo. Ta tsaya ta dube shi har sai da ya kawar da kai, sannan ya yarda zai kashe ta zuwa bayan zuwan kwamiti, don a samu zaman lafiya. Lungu ya yi shiru, amma tsoro bai sake mu ba. Motar gaske ta zo, rabinmu suka tsaya sauraro ko daga sama kiɗan yake, kafin su gama tantancewa ta wuce. Washegari kuma ranar hutunta ce.

A duk tsawon wannan hidima, ba a buɗe littafi ko ɗaya a saman benen nan ba. Kullum da safe Pan zai tsaya gaban bango ya ga Jamusanci bai dace ya zo kafin taurari ba, ya ɓamɓare ya sake mannawa, yaran suna miƙo masa gam. Pei-shan ta ga ƙawayenta sun wuce da sababbin littattafai an sa musu bango, abin ya tsaya mata a rai.

"Baba, yaushe za mu fara?"

"Mun fara tuni. Muna matakin tsarawa."

"Karatun fa?"

"Miƙo min jar takardar can."

Ranar zuwan kwamiti ta zo, aka ce da la'asar za su iso. Pan ya ciro kwat ɗin aurensa, wadda ta daina haɗuwa a ciki tun haihuwar A-hao. Ya rataya jan ƙyalle a ƙofa mai ɗauke da sunan makarantar da ruwan zinariya. Ya aika wa Tu cewa ya rufe shago ya zo ya ga yadda masu ilimi suke yi. Tu ya zo da rigar girkinsa a jiki, ya samu inuwa a tsallaken ƙofa ya zauna a kan babur.

Yu-lan ta ɗauki hutun rabin yini. Tana jera kofunan shayi ta tambaye shi.

"Ƙararrawar a kashe take?"

"Kin cika damuwa."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Komai yana cikin tsari."

Abin da ke cikin tsarin shi ne, ya cire sanarwar, ya saita kiɗan ya buga sau ɗaya tak, daidai lokacin da baƙi suka zauna, don su san makaranta suka shigo. Ya kuma kunna makirufo a wuyan kwat ɗinsa, saboda jawabin da ya shirya ya fi ƙarfin mutum biyu, ya kamata lungu ya amfana.

'Yan kwamitin su biyu suka iso. Malama Shih, gajeriya mai tabarau a rataye da zare, ita ce shugaba. Tare da ita akwai Malam Kao, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, mai fara'a da nauyin numfashi. Suka hau matakala, suka gaida teburin kakanni da ɗan rusunawa, suka zauna a gaban allo biyu. Malama Shih ta sa tabarau ta fara bin bangon da kallo, ta daɗe tana neman wani abu.

Pan ya miƙe. Muna ƙasa muna jin sa tar daga saman tanki.

"Manyan baƙi, tun daga zamanin da ɗan Adam ya fara ɗaga kai ya dubi taurari…"

Kiɗa ya tashi.

Kujeru biyu suka faɗi a tare. Pei-shan da A-hao sun riga sun kai matakala. Malam Kao ma ya zabura ya miƙe yana lalube a gefen kujerarsa.

"Af, matata za ta kashe ni, tun jiya take…" Sai ya tuna ba a unguwarsu yake ba, ya koma ya zauna yana tari.

Mu kuwa a ƙasa, la'asar ce sakaliya, lokacin ya yi kusa da na mota, kuma an ce mana an kashe ƙararrawa. Shara ta kwana da kwanaki a kowane gida. Babu wanda ya tsaya tantancewa. Lungu ya fashe, kowa da leda uku, huɗu, wasu da amalanken kasuwa. Muka isa bakin titi, babu mota.

Babu wanda ya yi zagi. Kaka Ko ta juya, ta tako a hankali, muka buɗe mata hanya. Ta ajiye bokitinta a ƙofar Pan, daidai ƙarƙashin jan ƙyallen. Mai aski ya ɗora nasa. Mai wanki ta ɗora. Aka yi layi cikin ladabi, kowa yana jiran na gabansa ya gama. Mai unguwa Chien ya zo zai hana, ya ƙirga yawan masu zaɓen da ke layin da ido, sai ya koma gida ya ɗauko tasa.

Da Pan ya rako baƙinsa ƙasa don ya ga me ya hana ɗalibai dawowa, ya ja ƙofa, ledoji suka gangaro ciki har kan takalman Malama Shih. Tulin ya kai ƙugu. Wari ya yi musu maraba. Ta bayan tulin ga mu nan tsaye, lungu guda, mun harɗe hannuwa, yaransa biyu a gaba da nasu ledojin.

Zufa ta karyo masa, amma bakin nan bai mutu ba. Ya ja kwat, ya yi murmushi.

"Malama, kin zo a kan gaɓa. Wannan darasin kula da muhalli ne a aikace. Ni na shirya shi da haɗin kan al'umma."

"Ƙarya yake," in ji Kaka Ko.

"Madalla," in ji Malama Shih, kamar ba ta ji ba. "Ban gan shi a bango ba, amma ina son darasi a aikace. Ga ɗalibanka, ga kayan aiki. Koya musu yadda ake raba shara kashi-kashi, mu gani."

Aka ture ledoji aka yi masa fili. Ya tsuguna a gaban bokitin Kaka Ko, kwat ta yi ƙara a baya. Ya buɗe murfi, ya kawar da fuska, ya sa yatsa biyu ya ɗago ɓawon ƙwai. Kowa ya san ragowar dafaffen abinci na aladu ne, ɗanye da ɓawo na taki ne, roba da gwangwani suna da motarsu daban. Pan ya riƙe ɓawon yana jujjuya shi a haske, yana cewa abu na farko shi ne ɗalibi ya lura da siffa. Ya lura da siffa har shirun ya yi yawa. Sannan ya matsa kusa da ɗansa, ya kare baki da hannu, ya yi raɗa.

Lasifikar da ta saba haɗiye magana, ranar ko harafi ɗaya ba ta haɗiye ba. Daga saman tanki, da ƙarfin da har masu jiran bas a babban titi suka ji, murya ta sauko:

"A-hao, ɗan albarka, wannan a wanne ake sawa? Faɗa min a hankali, zan saya maka askirim."

Dariyar da aka yi, mai aski sai da ya zauna a ƙasa. Malam Kao ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Yu-lan tana tsaye a matakala, ba ta yi dariya ba, ta dai rufe ido.

"Na taki ne, Baba," in ji A-hao da iyakar muryarsa. "Askirim ɗin babba?"

Malama Shih ta jira hayaniya ta lafa. Ta cire tabarau, ta dubi Pei-shan.

"'Yata, me kuka karanta tun da aka fara?"

Yarinyar ta dubi ubanta. Tana son sa, kowa ya sani, kuma ta ji masa kunya har idonta ya kawo ruwa. Amma ba ta iya ƙarya ba.

"Ba mu fara ba tukuna, Malama. Muna matakin tsarawa."

"Ke me kike so?"

"Ina so in koma makarantarmu. Can ma akwai ƙararrawa, amma in ta buga karatu ake yi."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Pan yana tsugune da ɓawon ƙwai a hannu.

"Akwai iyayen da muke amince wa kowace shekara, kuma 'ya'yansu suna karatu sosai," in ji Malama Shih. "Kai ba ka cikinsu bana. Ranar Litinin yaran nan su kasance a aji. A buɗe mana hanya, don Allah."

Aka buɗe musu, suka wuce suna ɗaga ƙafa. Ba su kai bakin lungu ba sai ga kiɗa ya sake tashi. Duk muka ɗaga kai sama, lasifika shiru. Daga can ƙasan titi yake zuwa, yana matsowa.

"Ga ta gaske nan," in ji Kaka Ko. "Kayan sun zama naka, Hedimasta. Bokitina ka wanke shi kafin ka dawo min da shi."

Pan ya dubi tulin, ya dubi kwat ɗinsa, ya dubi matarsa. Ita kuwa yayanta take kallo. Tu ya sauko daga kan babur ba gaggawa, ya kwance rigar girkin da ke jikinsa, mai tabon mai da ƙwai, ya tsallake ledoji, ya rataya ta a wuyan Pan, ya zagaya ya ɗaure masa igiyar a baya. Sannan ya sunkuya daidai makirufo, don kada wani a lungun ya ce bai ji ba.

"Sa wannan, kada kwat ta ɓaci. Gobe da asuba ina jiranka. Ka zo da hannayenka biyu, bakin ka bar shi a gida."